Daudu da Jirgin da Bai Kwana a Makwa Ba

Daudu ɗan goggona ne, ni ɗan kawunsa, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba shi da inda zai kai ƙara. Bawana ne tun ranar da aka yanke masa cibi, ko da yake ya girme ni nesa ba kusa ba. Ni ne Musaddiƙ, wanda ya yi aji uku a sakandare kafin sakandaren ta gaji da shi.

A rugar da ke bayan Gwiwa aka haife shi, shi ne ɗan farin Inno, goggon tawa. Bai taɓa shiga ajin boko ba, ko don fakewar ruwa. Yana tasowa ya bi shanu, da gemu ya fara tsiro masa sai ya bi su har saman tirela. Aikinsa ke nan yau fiye da shekara ashirin: a loda shanu a kara, shi ya haye can sama kan katako, duk saniyar da ta faɗi a hanya ya sauka cikinsu ya tayar da ita kafin 'yan uwanta su tattake ta, har a kai Legas. Rana ta dafa shi, ruwa ya wanke shi, ya dawo gida fuskarsa kamar gindin tukunya, yana warin da ko kare sai ya kauce masa.

Amma fa ya san hanya, wannan ko ni maƙiyinsa na yarda. Ya san ramin da ke gaban Tegina tun ramin yana jariri. Ya san mai shayin da ke ha'inci a Makwa, ya san inda direba ke fara gyangyaɗi bayan Ilori. Idan ka tambaye shi nisan Roni sai ya tsuke baki ya ce, "Wannan ma tafiya ce? Ai ko zama ban gama gyarawa ba." A duk faɗin Gwiwa, idan Daudu ya yi magana a kan Legas, liman ma shiru yake yi.

To, autar Inno, Nafisat, tana aure a can Legas ɗin. Mijinta Lauwali tumaki yake sayarwa a kasuwar Alaba Rago. An shirya za ta zo gida ta haihu, sai yaron ya yi gaggawa ya fito kafin lokacinsa, ɗan mitsitsi, likita ya ce ba mai jego ba jariri, kada wanda ya hau mota. Da labari ya iso ruga, Inno ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta.

"Wa zai dafa mata ruwan wanka? Wa zai dama mata kunun kanwa? Maza masu tumaki?"

Ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fara ɗaure kaya.

Inno kuwa iyakarta a duniya Kano, shi ma sau ɗaya, da aka kai ta duba ido. Bayanta ya daɗe yana ciwo. Daudu ya ce yana raye uwarsa ba za ta kwana biyu a zaune cikin mota ba. Ya kama bijiminsa guda ya kai kasuwa, ya ce jirgin sama za ta hau. Rannan har daga Yankwashi aka zo jin ko gaskiya ne.

Ni na raka shi Kazaure wurin Godswill, wani ɗan Binuwai da ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi tawa tsafta. Shago gare shi na buga takardu da wanke hoto, yana kuma yankar wa mutane tikiti ta kwamfuta. Ya gama danne-dannensa ya ce, "Malam Daudu, gobe Talata da hantsi za ta tashi daga Kano. Awa ɗaya da rabi ta sauka Legas."

Daudu ya dube shi, ya dube ni, ya fashe da dariya har hularsa ta gangaro ƙasa. Ya ɗauki hularsa ya yi masa godiya, don yana da kunyar baƙo. Sai da muka fito ya kama kafaɗata.

"Ka ji ɗan kamasho? Duk masu sayar da kujera bakinsu ɗaya. Mutum ɗaya ya rage, yanzu za mu tashi, kafin la'asar mun kai. Ni za a gaya wa? Legas fa, Musaddiƙ. Legas!"

Na ce, "To ai alhazai ma sun ce yini guda ba ya ƙarewa suke sauka Jidda."

"Waɗannan baƙin Allah ne, naɗe musu ƙasa ake yi. Ka taɓa jin an naɗe wa mai zuwa Legas ƙasa?"

Gaskiya ban taɓa ji ba.

A bakin titi ya tsuguna ya yi nasa lissafin da tsinke. Ya ce shi mai adalci ne, ya yarda jirgi ya fi tirela sauri, ba ya faɗawa rami, ba a tsayar da shi a shinge. Amma dole ya sauke na Zariya, ya ɗauki na Kaduna, ya tsaya a yi salla, ya sha mai. Kuma ba direban da ke da hankali da zai tsallake kogin Kwara da duhu, don haka a Makwa za su kwana. Ya yafe wa jirgi rabin tafiya, ya bar masa rabi. Nan take ya kira Lauwali.

"Gobe za ta taso. Ka je ka tarye ta jibi Laraba bayan azahar. Kada ka yi sammako, zaman banza za ka yi."

Ina jiyo muryar Lauwali ta waya. Shi kullum jirage na wucewa ta saman tumakinsa, wataƙila zuciyarsa ta raya masa wani abu. Amma wa zai yi musu da yayan matarsa, a kan hanyar Legas kuma? Ya ce, "To Yaya, Allah ya kawo ta lafiya."

Washegari muka kai Inno filin jirgin Kano da guzurin da zai ciyar da ƙauye: dambu, ƙuli-ƙuli, soyayyar zabuwa, bargo saboda sanyin Makwa, buta, da tabarmar salla. Wata ma'aikaciya ta turo kujera mai taya ta ce Mama ta zauna. Inno ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ƙafata kika ga ta karye?" Ta ɗora ƙullinta a ka.

Daf da za ta shige inda ba a barin 'yan rakiya, Daudu ya tuna wani abu da ya ji a kara, wai idan waya ta yi ƙara a cikin jirgi sai injin ya rikice ya faɗo. Inno kuwa ba ta san kashe waya ba, ɗauka kawai ta iya, shi ma sai ta danna wurare uku. Ya ce da ni in karɓo wayar. Na karɓo, ya jefa a aljihunsa.

"Me za ta yi da ita? Tana sauka Lauwali na tsaye."

Muka tsaya a waje har wani jirgi ya tashi, muka ɗaga masa hannu, ko nata ne ko ba nata ba Allah masani. Daga nan muka ci gurasa, muka leƙa wani abokinsa, muka je tasha muka zauna jiran mota ta cika. Duk wannan lokaci Daudu na bin jirgi da baki. "Yanzu suna Kwanar Ɗangora." Muka wuce Ɗambatta. "Yanzu sun sauke na Zariya, ana cikon fasinja." Har wani tsoho a motar ya ce Allah ya sa alheri, Daudu ya amsa da amin irin ta manya.

Bayan azahar muka shigo Kazaure, ya ce mu biya mu yi wa Godswill ban gajiya. Muna sallama Godswill ya ɗago da fara'a.

"A'a, Malam Daudu! Mama ta sauka lafiya?"

"Sauka ina? Ai yanzu ko Tegina ba su kai ba."

Godswill ya yi dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, dariyar ta mutu a bakinsa. "Wa ya je taryarta?"

"Surukinta. Gobe."

"Gobe?" Ya miƙe tsaye har kujerarsa ta kife. Ya jawo waya ya danna, ya juyo mana da ita. Ga taswira, ga layi ɗaya miƙaƙƙe kamar an ja igiya daga Kano zuwa bakin teku. "Malam Daudu, ta sama kilomita ɗari takwas ne da 'yan kai, ba kwana, ba Zariya, ba Makwa. Jirgin da kuka sa ta ya sauka tun kafin rana ta take. Ya kwashi wasu mutanen, ya juyo. Yanzu haka yana Kano."

"Wane ne yake Kano?"

"Jirgin."

"Da Inno?"

"Ba Inno."

Na sha ganin Daudu cikin tashin hankali. Na ga ranar da tirela ta kife da shi ya fito yana tambayar hularsa. Amma ban taɓa ganin baƙin mutum ya koma fari fat a gabana ba sai rannan. Bakinsa ya buɗe, na rantse da an jefa goro da ya wuce ba tare da ya taɓa haƙori ba. Ya zaro wayarsa, ya kira lambar Inno. Sai ga kiɗa na tashi daga aljihunsa na hagu. Ya tsaya yana kallon aljihun kamar maciji ne a ciki.

Ya kira Lauwali. Lauwali yana can Shagamu, ya je duba wasu raguna tunda an ce masa gobe.

"Innalillahi! Yaya, ai kai ka ce..."

"Na ce! Tashi ka tafi!"

"Yanzu zan taso. Amma Yaya, yadda hanyar nan ke cushewa, in na kai kafin magariba na yi sa'a."

Ka ji fa. Daga Kano zuwa Legas tsohuwa ta riga mu gama cin gurasa, amma daga bakin Legas zuwa cikin Legas sai magariba. Daudu ya ce kada a kuskura a gaya wa Nafisat, jinin haihuwa bai gama tsaya mata ba.

Abin da ke cin Daudu, wanda ni ma ya fara ci na, shi ne mun san halin Inno. Ba ta jira. Idan ta je kasuwar Gwiwa mai babur ya yi mata latti, sai ta ɗora ƙwarya a ka ta kama hanya, ta riga shi isa. Mace ce da ta yarda duk inda ake zuwa ƙafa na zuwa. Ba Turanci, ba Yarbanci, ba waya, ba ta san sunan unguwar da 'yarta take ba. Idan ta fita daga ƙofar filin nan ta shiga Legas, wa zai sake ganinta?

"Za ta fita," in ji Daudu. "Wallahi za ta fita. Za ta tambayi ina gabas, ta kama tafiya."

Kafin in ankara ya fice a guje zuwa babban titi, yana ɗaga wa wata tirela hannu biyu. Na bi shi na riƙe rigarsa.

"Sake ni! Tafiya zan yi!"

"Ka isa yaushe?"

"Jibi ina..."

Bai ƙarasa ba. Ya ji abin da bakinsa ya faɗa, sai ya sulale ya zauna a ƙasa a gefen kwalta, babban mutum mai 'ya'ya shida. Da ƙyar ni da wani mai lemo muka kinkimo shi muka dawo da shi bencin shagon.

Godswill ya yi iya yinsa. Ya samu wani da ya sani a filin jirgin Legas, aka yi shela a lasifika ana neman Shatu Muhammadu, sunan da ke kan tikitin Inno. Shiru. Daga baya Inno ta ce ta ji sarai, amma ita ba yarinya ba ce da namiji zai kwaɗa mata kira da sunan yanka a tsakiyar jama'a ta amsa.

La'asar ta yi. Mutane suka cika ƙofar shago, kowa da shawararsa. Wani ya ce a yi saukar Alƙur'ani, wani ya ce a kira gidan rediyo, wata mai ƙosai ta ce ita ƙanin mijinta ya ɓace a Legas tun tana amarya, har yau. Na ce mata Allah ya saka da alheri, ta koma bakin kaskonta. Daudu kuwa yana kan benci. Wayar Inno na hannunsa yana juya ta. Ni kaina na nemi tsokana a bakina na rasa, abin da bai taɓa faruwa ba tun da na fara magana.

Ana haka sai ga babur ya tsaya da ƙura, wani ƙato da tabaran walda a goshi ya sauko. Monday ne, mai walda a bakin tasha. Yana riƙe da waya a sama kamar tuta.

"Wane ne Daudu na Gwiwa mai kai shanu? Na je kara an ce in zo nan!"

Daudu ya ɗaga hannu. Monday ya buɗe muryar wayar ya ajiye a kan benci, kowa ya matso.

"Salamu alaikum. Sunana Veronica, yayar Monday ce ni, ina sayar da atamfa a kasuwar Kazaure. Mamanku tana hannuna."

Salatin da aka saka a wurin, na tabbata an ji shi a Roni.

Veronica ta ce jirgi ɗaya suka hau, ita za ta wurin ɗanta. Tun a sama ta lura da tsohuwar, don jirgi na fara sauka ta ji tana tambaya ko nan ne Zariya. Da aka fito ta gan ta zaune a kan tabarma a gefen ƙofa, ta tambaye ta, Inno ta ce za a zo. Ita ma ɗanta ya makara, suka yi ta zama. Can da ɗan ya iso, sun shiga mota sun fara tafiya, sai ta hango ƙulli a kan wata doguwar mace tana miƙe titi, motoci na kauce mata. Ta sa aka tsaya, ta bi ta da gudu ta riƙo zaninta.

"Na ce Mama ina za ki? Ta ce wurin Nafisat. Na ce a wace unguwa? Ta ce inda ake sayar da tumaki. Na ce yaya sunan mijinta? Ta juya kai. Yaya sunan maigidanki? Ta rufe baki da mayafi. Wa ya sa ki a jirgi? Ta ce wancan. Wane wancan? Ta ce babban."

Duk wanda ke wurin ya gane, don ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Mace irin Inno ba ta kama sunan miji, ba ta kama sunan suruki, ɗan fari kuwa ko kallonsa ba ta yi sosai, balle sunansa. Tun da aka haifi Daudu bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Wancan ne, ko babban, ko kuwa ta yi magana da bango shi ya ɗauka. Mutum uku da za su fitar da ita daga Legas, duka ukun bakinta a kulle yake a kansu.

"Na fi awa ina lallashinta a bakin titi," in ji Veronica. "Na ce Mama, ni na zauna da Fulani, na san kunya. Amma nan ba mai jin ki sai ni da Allah. In ba ki faɗa ba, dare zai same mu a nan, 'yarki kuma tana can ba mai dafa mata ruwa. Sai ta ja ni gefe, ta sa bakinta a kunnena."

Daudu ya matso har goshinsa na taɓa wayar. "Ta faɗa?"

"Ta faɗa. Ta ce Daudu, na Gwiwa, mai kai shanu, duk kara an san shi."

"Da bakinta?"

"Da bakinta, Malam."

Wallahi firgitar da ya yi a nan ta fi ta farko. Ya dube ni, ya dubi Godswill, ya dubi mai ƙosai. Sai hawaye, shaaa, har cikin gemu. Na ce, "Kai bawa, a gaban mutane? Sai ka sayar da bijimi, ka jefar da uwarka a Legas, sannan ka ji sunanka, shi ma a bakin 'yar aike?" Ya kai mini duka ya samu benci.

Aka miƙa wa Inno wayar. Daudu ya ce, "Inno, ki yafe mini." Ta yi kamar iska ce ta wuce.

"Musaddiƙ yana nan?"

"Ga ni, Goggo."

"Ka ce wa wancan, bargon da ya ɗora mini, zafi ake yi a nan kamar gidan burodi. Kuma ka ce masa matar nan 'yar halak ce, ya san abin da zai kai mata."

Ta miƙa wa mai waya wayarta.

Veronica ba ta tafi ba. Ita da ɗanta suka zauna da Inno a cikin mota, suka cinye zabuwar tare, har Lauwali ya iso ana kiran magariba, jiƙe da gumi kamar an tsamo shi daga rijiya. Yana durƙusawa gaisuwa Inno ta juya masa baya, ta ce ita ba za ta zauna kujera ɗaya da shi ba ko Legas za ta nutse. Dole ɗan Veronica ya kai su har gida, Lauwali a gaba yana nuna hanya, Inno a baya ta lulluɓe fuska, Veronica a gefenta tana isar da magana tsakaninsu.

Mu kuma muna nan kan benci, Daudu ya ƙi motsi, ya ƙi shan ko ruwa. Godswill ya ƙi rufe shago, Monday ya ƙi komawa bakin aikinsa. Sai da aka idar da sallar isha wayar Daudu ta yi ƙara, muryar Nafisat, tana dariya ba ta san komai ba.

"Yaya, ashe yau ne? Kun yi mini bazata! Ga Inno ta shigo, har ta karɓi yaron tana cewa ba mu iya naɗe shi ba."

Daudu ya ce alhamdulillahi ya fi sau ɗari, ya riƙe hannun Monday ya ƙi saki har sai da mutumin ya ce yana da iyali. Muka samu mai babur zuwa Gwiwa. Sai a ƙofar gida na lura ƙafarsa ɗaya ba takalmi, ɗayan yana can bakin kwalta a Kazaure. Na bar shi ya shiga har tsakar gida, matarsa ta haska shi da fitila, sannan na gaya masa.